Alhaji Umaru Salaga: Ɗan Fataken Goro Da Ya Bar Gida, Gida Bai Bar Shi Ba

A wannan fitowa mun ga ya dace mu kawo muku tarihin wani bawan Allah wanda da yawa daga cikinmu ko sunansa ba mu taɓa ji ba, alhali kuwa in ana maganar zaman baƙunci irin namu, to shi uba ne a gare mu. Sunansa Alhaji Umaru ɗan Abubakar, an fi saninsa da Alhaji Umaru Salaga, wasu kuma su ce Liman Umaru na Kete-Krachi. Ɗan fataken goro ne. A Kano aka haife shi, a ƙasar da yau ake kira Gana ya yi mafi yawan zamansa na duniya, can kuma ya rasu a 1934.

Hausawa na cewa kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Mu da muke zaune a nan Kurmi mun san zafin wannan magana, don kusan kowannenmu an taɓa yi masa gori da ita in ya je ganin gida da yaransa aka ji Hausarsu ta karkace. To shi wannan malami ya bar gida, ya tsufa a ƙasar wasu, amma gida bai bar shi ba. Hasali ma abubuwa da dama da ake sani yau game da zaman Hausawa kafin zuwan Turawa daga hannunsa aka samo su, shi da ke zaune a zango mai nisan tafiyar watanni daga Kano. Abin da ya riƙe masa gida kuwa alƙalami ne da tawada.

Asalinsa da tasowarsa

An haifi Umaru a birnin Kano wajen shekarar 1858. Kakanninsa mutanen Kabi ne, shi ya sa in zai sa sunansa a littattafansa na Larabci yakan jingina kansa ga Kabi da Kano, daga baya aka ƙara masa da Salaga. Mahaifinsa Malam Abubakar ya haɗa biyu, karatu da fatauci, kamar yadda muka tarar da iyayenmu da yawa suna yi. Umaru ya fara karatun allo a Kano, ya sauke, ya shiga littattafai, sannan ya yi yawon neman ilmi a ƙasashen yamma, wajen Sakkwato da Gwandu da Kabi. Tun yana saurayi kuma yake bin ayarin mahaifinsa zuwa Gwanja.

Yaran yanzu da suka saba ganin goro na tafiya Arewa a bayan tirela cikin kwana biyu ba za su gane abin da ake nufi da zuwa Gwanja ba. A wancan zamani ayari kan tashi daga Kano da ɗaruruwan mutane da jakuna, ga madugu ga jagaba, a ɗauki kanwa da tufafin rini da fatu da sauran haja. A bi ta yamma a ƙetare Kwara, a ratsa ƙasar Bargu, a biya fito a nan, a biya kuɗin hanya a can, ga 'yan fashi ga namun daji, har a isa Salaga. A can ne ake haɗuwa da goron da ke fitowa daga dazuzzukan Tonawa, wato mutanen Asante. A saya, a ɗaure huhu cikin ganye, a juyo, ana kwancewa a hanya ana yayyafa ruwa ana tsince mai tsutsa. Zuwa da dawowa kan cinye mafi yawan shekara. A irin wannan makaranta Umaru ya san ƙasashe da harsuna da halayen mutane, ga kuma ta malamai da bai saki ba.

Wajen 1877, bai ma cika shekara ashirin sosai ba, ya rubuta littafi da Larabci a kan yadda ake tsara wasiƙa. Duk wanda ya taɓa aika kaya Arewa bisa amana ya san darajar wannan. Kafin waya, wasiƙa ce ke tsakanin mai kaya da dillalinsa, tsakanin ɗa da uwarsa da ya bari a gida, tsakanin zango da zango. Ka ga tun aikinsa na fari, abin da ke haɗa na nesa da gida shi ya fara ɗaukar hankalinsa.

Zaman Salaga da watsewarta

Daga baya Malam Umaru ya zauna a Salaga, ya buɗe makaranta yana karantarwa. Salaga gari ne na Gwanjawa, sarkinsu yana zaune a Kpembe kusa da garin, amma kasuwar ta baƙi ce: Hausawa da Wangarawa da Barebari da Yarabawa da Dagwambawa da Mosawa, kowa da unguwarsa da mai masaukinsa, kuma Hausa ce harshen ciniki. Gaskiya ɗaya da ba za a ɓoye ba, ban da goro da shanu, Salaga babbar kasuwar bayi ce a wancan lokaci.

Lokacin da ya zauna can, garin ya riga ya fara ja da baya. A 1874 Ingilishi suka ci Kumasi da yaƙi, Gwanjawa suka ga dama ta samu suka fita daga ƙarƙashin Tonawa, su kuma Tonawa suka toshe wa Salaga hanyar goro. Kasuwar da ba goro kuwa me za ta ba Bahaushe? Ana cikin haka a 1892 rigimar sarauta ta ɓarke tsakanin gidajen sarautar Kpembe, aka gayyato mayaƙa daga maƙwabta, aka yi yaƙin basasa. Baƙi ba su da ko ɗigo a cikin sarautar, amma a kansu abin ya ƙare. Aka washe dukiya, gidaje suka zama kango, fatake suka watse, wasu Yeji, wasu Kintampo, wasu Kete.

Malam Umaru ya ga wannan da idonsa, kuma bai bar shi ya tafi a iska ba. Ya yi waƙoƙi da Larabci a kan yaƙin da lalacewar garin, daga cikinsu akwai wadda ya kira Tanbihul Ikhwan. A ciki bai tsaya ga kukan asara kaɗai ba, ya duba yadda mulki ya ɓaci da yadda halayen mutanen garin su kansu suka ɓaci kafin masifar ta sauka. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Mun san halinmu, in abu ya same mu laifin na wasu ne kullum. Malami na gaskiya kuwa shi ne mai iya cewa jama'arsa ga inda ku ma kuka kauce.

A Salaga ne kuma ya haɗu da wani Bajamushe matafiyi mai suna Krause, wanda Hausawa suka laƙaba wa Malam Musa, mai sha'awar harsunan Afirka. Wannan ce haɗuwarsa ta fari da irin Turawan nan masu neman a rubuta musu Hausa.

Liman a Kete

Bayan yaƙin, shi ma ya bi sahun jama'a ya koma Kete, a bakin kogin Bolta. Ku lura da yadda wurin yake, don zai yi muku kama da wani wuri da kuka sani. Krachi garin 'yan ƙasa ne, da sarkinsu da tsafinsu mai suna Dente wanda ake tsoro a duk yankin. Kete kuwa zangon baƙi ne Musulmi 'yan kasuwa, a gefen garin. Wato dai Sabo ce, ba ragi ba ƙari. Jamusawa sun kafa bariki a wurin a 1894, ƙasar ta shiga cikin mulkinsu na Togo. A nan Malam Umaru ya zama limamin gari, almajirai suka yi ta zuwa daga zangunan ƙasar suna ɗaukar karatu a gabansa.

A Kete ya haɗu da jami'in Jamus mai suna Adam Mischlich, wanda ya zauna gabansa yana koyon Hausa. Mischlich ya fitar da ƙamus na Hausa da Jamusanci a 1906. Ya kuma roƙi Liman Umaru ya rubuta masa labarin ƙasar Hausa da al'adunta. Liman ya ɗauki alƙalami ya yi ta rubutu da ajami, shafi bayan shafi. Ya rubuta tarihin ƙasashe da sarakunansu. Ya rubuta yadda ake noma da abin da ake shukawa, yadda ake sana'o'i, yadda ake kasuwa da fatauci, yadda ake aure da renon yara da karatu, da yadda zaman bayi da 'ya'ya yake.

To a nan ne abin lura yake. Malaman da ke zaune a Kano da Sakkwato a wancan zamani sun fi shi yawan littattafai kusa da su, amma yawancin abin da suka rubuta fiƙihu ne da tauhidi da wa'azi da tarihin jihadi, Allah ya saka musu. Wa zai zauna a Kano ya rubuta yadda ake rini, alhali ga karofi nan a bayan gidansa? Abin da mutum ke gani kullum ba ya ganin ya isa a rubuta. Sai wanda ya yi nisa, ya zauna cikin mutanen da abincinsu daban, aurensu daban, gaisuwarsu daban, shi ne ke gane cewa ashe abin da ya taso a ciki abu ne mai suna, mai siffa, wanda kuma zai iya ɓacewa. Mu ma nan haka ne. Da yawanmu ba mu san daɗin fura da nono ba sai da muka shekara muna cin amala.

Daga cikin abin da ya rubuta akwai tarihin Kabi, ƙasar kakanninsa. Kabawa sun shafe kusan duk ƙarni na 19 suna fafatawa da Sakkwato da Gwandu daga Argungu, kuma mafi yawan tarihin wancan zamani mutanen ɗaya ɓangaren ne suka rubuta shi. Samun ɗan Kabi mai ilmi ya ajiye labarin ƙasarsu a takarda riba ce ga duk mai son jin zance daga baki biyu.

Wani zai ce, to me ya kai malami guda ya kwashe sirrin ƙasarsa ya miƙa wa Nasara? Tambaya ce mai nauyi, ba kuma za mu share ta ba. Babu shakka Bature bai koyi Hausa don Allah ba, ya koya ne don mulki ya yi masa sauƙi. Amma mu duba wani gefen. Liman Umaru shugaban baƙi ne a ƙasar da ba tasu ba, ƙarƙashin masu bindiga, ga jama'a a wuyansa waɗanda ba su daɗe da tsira daga Salaga ba. Duk wanda ya taɓa riƙe ko da shugabancin 'yan goro ne a Kurmi ya san ba a zaman baƙunci da ƙin gaisawa da hukuma. Sannan waɗannan takardu da suka tafi Jamus su ne suka tsira har aka buga su. Uwa uba kuma, waƙoƙinsa sun nuna idonsa a buɗe yake.

Waƙoƙin zuwan Nasara

A 1899 ya yi waƙa da Larabci a kan zuwan Turawa, ya ƙara wata bayan kamar shekara guda, sannan a 1903 ya yi ta uku da Hausa, wadda aka sani da Waƙar Nasara. Ku tuna abin da ke faruwa a shekarun. An kama Sarkin Asante Prempeh a 1896. Faransawa sun kama Samori a 1898, an kashe Rabe a 1900. A 1903 Kano ta faɗi, Sakkwato ta faɗi, aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi. Labarin duk yana isowa Kete ta bakin fatake, Liman yana tattarawa.

A cikin waɗannan waƙoƙi ya bayyana yadda Turawa suka shigo da lalama da sunan ciniki da zaman lafiya, da suka samu wurin zama kuma sai suka juya suka zama masu ƙasa. Ya jero garuruwa da sarakunan da aka ci ɗaya bayan ɗaya, na Hausa da waɗanda ba na Hausa ba, ya kuma faɗi ƙarfin makamansu yadda yake ba tare da ruɗin kai ba. Mutumin da ke cikin Kano abin da ya faɗa wa Kano ya sani. Shi kuwa da yake ɗan hanya ne, ya san garuruwan nan da ƙafarsa ko ta bakin abokan fatauci, sai ya hango abin gaba ɗayansa, ya gane cewa ruwa ɗaya ne ya ci kowa. A ganinmu, komawar da ya yi ga Hausa a waƙa ta uku tana da dalili. Larabci na malamai ne. Hausa kuwa ɗan dako zai ji, mai tuwo-tuwo za ta ji, yaro zai haddace.

Bai tsaya ga manyan al'amura kaɗai ba. Yana da waƙar Hausa a kan talauci da wadata, inda ya zana yadda jama'a ke wulaƙanta matalauci ko da yana da gaskiya, suke kuma girmama mai dukiya ko da ba shi da ita. Duk ɗan kasuwar da ya taɓa karyewa, ya ga yadda masu gaishe shi da safe suka ragu, ba sai an yi masa sharhi ba. Abin da ya sa waƙar ta yi rai ke nan: halinmu ne ya ɗauko ya ajiye mana a gabanmu, mai kyau da marar kyau. Al'ada ai ba riga da hula kaɗai ba ce, har da yadda muke ɗaukar junanmu.

Hajji da ƙarshen rayuwa

A 1913 ya tafi aikin hajji, bai dawo ba sai wajen 1918. A Madina ya haɗu da Alfa Hashim, ɗan ɗan'uwan Shehu Umaru Futi, wanda ya yi hijira zuwa can bayan yaƙin Burmi, ya kuma karɓi ɗariƙar Tijjaniyya a hannunsa. Kafin ya dawo duniya ta juya. Yaƙin duniya na ɗaya ya kori Jamusawa daga Togo a 1914, Kete ta koma hannun Ingilishi. Wato a rayuwarsa guda ya zauna ƙarƙashin Sarkin Kano, da sarakunan Gwanja, da Jamus, da Ingila. Masu mulki suna ta canjawa, shi yana nan da allonsa da almajiransa.

Da annobar mura ta 1918 ta ratsa ƙasashen nan ta kashe jama'a ba adadi, ita ma ya yi mata waƙa. Ya kuma fassara waƙoƙin Imru'ul Ƙaisi, shahararren mawaƙin Larabawa na zamanin jahiliyya, zuwa Hausa. Wani Baturen Ingila mai suna Rattray ya buga wani abu daga wannan aiki a 1934. Wanda ya taɓa zama gaban malami ana fassara masa irin waɗannan waƙoƙi ya san tsaurinsu. Mai iya juya su zuwa Hausa ya nuna cewa harshenmu ba na ciniki da cacar baki kaɗai ba ne, yana iya ɗaukar kaya mai nauyi.

Allah ya yi masa rasuwa a Kete-Krachi a 1934, yana da shekara kamar 76. Bayan shekara talatin, da aka gina madatsar ruwa ta Akosombo, tafkin Bolta ya taso ya shanye tsohon garin, aka tashi mutane aka kai su sabon wuri. Salaga da ya sani ta watse, Kete da ya yi limanci tana ƙarƙashin ruwa. Amma rubutunsa yana nan. A shekarun 1960 masu bincike na Jami'ar Gana da ke Legon suka bi zanguna suna tattara kwafen littattafai daga hannun malamai, nasa na cikin waɗanda suka fi yawa, don almajiransa sun kwafa sun yaɗa. A 1973 wani ɗalibi a Amurka, Douglas Ferguson, ya yi digirinsa na dakta a kan bayanin da Liman ya yi na ƙasar Hausa. Wani shehin malami ɗan ƙasar Folan, Pilaszewicz, ya shafe shekaru yana nazarin waƙoƙinsa, a 2000 kuma ya fitar da littafin rubuce-rubucensa na ajami.

Abin da ya shafe mu

Mu nan magadan Salaga ne, ko mun sani ko ba mu sani ba. Da hanyar Gwanja ta mutu, goro ya koma bin jirgin ruwa zuwa Ikko. Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, manoman ƙasar Yarabawa suka shiga dashen goro, iyayenmu suka biyo shi Agege da Shagamu da Badun, inda aka kafa Sabo a 1916. Sana'ar ɗaya ce, zaman ɗaya ne, hatsarin ma ɗaya ne. Mun ji yadda aka kori baƙi daga Gana a 1969, mutane suka bar gidajen da aka haife su a ciki. Mun ga abin da ya faru a Shagamu a 1999. Muna roƙon Allah ya zaunar da mu lafiya da masu masaukinmu, amma mai hankali ya san zango ba ya da tabbas. Gini na rushewa, rumfa na ƙonewa, jari na karyewa.

To me muka ajiye? Dattawanmu da suka san yadda aka kafa unguwar nan, wa ya fara sauka, wa ya gina masallaci, wa ya fara limanci, suna ta tafiya ɗaya bayan ɗaya da labarin a cikinsu. A gidaje da yawa akwai gafaka ko tsohuwar adaka cike da wasiƙun ajami da takardun ciniki na iyayenmu, gara na ci, wani lokaci ma yara su ga tarkace ne su zubar. 'Ya'yanmu kuwa, Yarabancinsu ya fi Hausarsu, wannan ba laifi ba ne don harshe arziki ne, amma in ka tambayi yaro sunan garin kakansa ya tsaya yana susar kai, to da sauran aiki.

Ba mu ce kowa ya zama Alhaji Umaru ba, wannan baiwa ce. Amma kowa na iya sayen littafin rubutu ya zauna gaban tsohonsa da daddare ya ce Baba, daga ina muka zo, wace shekara, me kuka tarar? Wanda ba ya iya rubutu ya sa ɗansa na makaranta, ko ya ɗauki muryar a waya. Mai tsofaffin takardu ya fito da su ya kakkaɓe, ya kawo ofishin ƙungiya a ɗauki hotonsu a mayar masa da abinsa. Malaman Islamiyyarmu kuma muna roƙonsu, don Allah su ware ko da rabin awa a mako su koya wa yara karanta ajami da rubuta Hausa. Shi Liman bai raina bayanin noma da kasuwa ba, ya rubuta, ga shi yau har a jami'o'in Turai ana karantawa. Mu ma kada mu raina labarin rumfar goro.

Allah ya jiƙan Alhaji Umaru ɗan Abubakar, ya haskaka kabarinsa, ya jiƙan iyayenmu da suka sha wahalar hanya don mu samu abin da muka samu. Allah ya shirya mana zuriya, ya sa su san asalinsu, ya ba mu zaman lafiya a inda muke. Amin. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.